Baƙin Man Tuya a Injin Baba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka, alhali ba ka san ni ba sai a baki. Ni ce ta uku a ɗakin Inna, 'yar ƙanwar mahaifiyarka. Inna ta ce rabonka da gidanmu tun ina rarrafe, kuma wai ranar na jiƙa maka riga. Ina ba da haƙuri a kan wannan ma.

Muna nan lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi. Baba ne dai tarinsa yakan tashi in ya wuni cikin ƙurar gari. Ni ina aji biyar na sakandare.

Na san akwai waya. Amma direban da ke kawo buhuna unguwarmu ya ce a gonar da kake kula da injuna sai an hau kan tankin ruwa ake samun magana. Ni ma in na riƙe waya harshena ɗaurewa yake yi, ko gaisuwa ba na gamawa.

Kawu, maganar injin niƙan Baba ce. Dizal ya yi tsadar da wasu ranaku abin da ya samu a tanki yake ƙarewa. In ya ƙara kuɗin niƙa, mata su wuce wurin mai injin lantarki, ko da za su wuni suna jiran wuta. Yanzu wani dillali ya fara zuwa. Yakan ƙwanƙwasa injin da makullin babur ɗinsa, ya ce, "Ƙarfe ne mai nauyi." Na ji Baba yana gaya wa Inna in an sayar zai nemi dako a kasuwa. Da wannan ƙirjin nasa.

Shekaranjiya direban nan ya ba da labari a ƙofar shago, wai injin ban ruwanku da tsohon man tuya yake aiki, har hayaƙinsa ƙamshin kicin yake yi. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba, domin malaminmu ya ce injin dizal ba shi da fulogi, matsi ne ke zafafa iska har mai ya kama. To in haka ne, me zai hana wani man ya kama? Gaskiya ne ko direban zolaya yake yi? In gaskiya ne, kowane inji ne ke yarda? Na Baba tsoho ne, mai silinda ɗaya, da hannu ake murɗa shi.

Baba bai san na rubuto ba.

'Yarka ta gidan mai niƙa.

*

Zuwa ga Injiniya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai ciwon baya na masu sunkuyo. Ki gaishe da Innarki, ki ce har yanzu ina jin zafin rankwashinta. Maganar riga na yafe, rigar ce ban san ra'ayinta ba.

Direba bai yi ƙarya ba, wannan karon. Kuma irin injin babanki shi ne ma ya fi yarda. Sababbin nan masu tsirfa ko kusa kada a gwada musu. Tsoho kuwa cikinsa ya saba da wahala.

Matsalar man tuya ita ce kauri. Dizal kamar ruwa yake, shi kuwa sai ya ji zafi yake sakin jiki. Ga kuma datti da gishiri da ruwa. Don haka ki zuba shi a jarka ki manta da shi, har gurɓin ya kwanta a ƙasa. Ki tsiyaye na sama, ki ɗora a wuta kaɗan har ya daina tsartsatsi, wato ruwan ya fita. Sai ki tace da ƙyalle mai kauri. In kin ga ya tatu, ki sake tacewa.

Ana yi masa tankinsa daban. Bututun da zai fito daga ciki ya zama na jan ƙarfe, a naɗe shi a jikin salansa don man ya ɗumama kafin ya isa famfon da ke tura mai cikin inji. Kowane tanki da makunninsa. A tashi inji da dizal. In ya yi zafi a juya shi kan mai. Kafin a kashe a mayar da shi kan dizal. A riƙa duba baƙin man inji fiye da da.

Samun man kuwa ba wahala. Mu nan wani otal ne ke roƙonmu mu kwashe. Ki je wurin duk mai tuya, za ta gode miki da kika raba ta da shara.

Abu ɗaya: ba a taɓa injin mutum a bayan idonsa. Ki kai wa babanki takardar nan. Na san shi, mutum ne da in da hali ashana ma sai ya tsaga ta biyu. Ki ce masa kyauta ne, zai saurara.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan bayanka ya yi sauƙi. Inna ta ce a gaya maka rankwashin da saura. Mu duka lafiya.

Kawu, kada ka ji haushi, amma akwai wuri ɗaya da ba ka faɗi daidai ba. A unguwarmu babu wani abu wai shi tsohon mai. Na je wurin mai tuyar kifi da dankali ta bakin titi. Na gaishe ta na ce, "Iya, don Allah in kina da tsohon man da za ki zubar."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Zubarwa? Ke 'yar mai niƙa, mai tsufa yake yi? In ya ragu a ƙara, in ya ragu a ƙara. Wannan kaskon rabonsa da ganin ƙasansa tun kafin ki yi haƙori." Masu saye suka yi ta dariya. Ta ƙara da cewa, "Ko cewa ake yi a gari maina ya lalace?" Na dawo gida ban san ta inda na bi ba.

Inna ce ta koma da kanta. Ashe in man ya yi baƙi ƙirin har yana sa kifi ɗaci, mai tuyar takan juye shi a wata jarka tana hura itace da shi. Suka daidaita: ta ba mu jarkar, Baba ya riƙa yi mata niƙa. Mai gidan abincin da ke kusa da tasha ma ya yarda a kan haka.

Na kai wa Baba takardarka kamar yadda ka ce. Ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Wannan har yanzu bai daina surutu ba." Washegari sai ga shi da bututun jan ƙarfe daga wurin mai gyaran firiji, da wani tsohon galan.

Da ƙafar tsohon wandon makarantar Yaya muka tace. Abin da ya rage a ƙyallen, Kawu, ban so na gani ba, don na sha cin dankalin nan.

Ya yi aiki! Da Baba ya juya makunnin sai na rufe ido. Injin ya yi kamar zai yi tari, sai ya ci gaba. Har ƙararsa ta yi laushi. Me ya sa take laushi? Na duba littafinmu babu. Kuma gaskiyar direba ce, lungunmu duk ya ɗauki ƙamshi. Kuliyoyin maƙwabta sun zo sun jeru a kan katanga. Wata mata ta leƙo ta ce, "Mai niƙa, abinci ka fara sayarwa? A zuba mini na ci a nan." Wata kuma ta tsaya tana sunsunar garinta, ba ta ji komai ba, ta tafi kamar ba ta ji daɗin hakan ba.

Dillali ya zo ya tarar da layi. Bai ƙwanƙwasa komai ba.

Ina da wata tambaya. Na ga man yakan rabu gida uku a jarka, na tsakiya fari-fari. Mene ne shi?

'Yarka.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri ban jira amsarka ba. Lafiyar jiki muna da ita.

Injin ya ƙi tashi.

An yi ruwa, gari ya waye da sanyi. Baba ya murɗa, ya murɗa, har tarinsa ya tashi ya zauna a kan buhu. Ya huta ya sake. Ko atishawa injin bai yi ba. Mata suna tsaye da kwanuka a ka. Ɗaya ta ce, "Ai dama, inji da cin kifi." Suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai tuya ta aiko a tambaya ko ita za a ɗora wa laifi.

Bakaniken unguwa ya zo ya leƙa, ya sunsuna, ya ce famfon ya mutu, sai sabo, kuma irinsa sai an yi sa'a. Kafin azahar dillali ya ji. Yanzu cewa yake yi mataccen inji a kan sikeli ake sayensa. Zai zo da amalanke ranar kasuwa. Baba ya ce to.

Kawu, wallahi ba mu tsallake komai ba. Na karanta takardarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Mun bar man ya kwanta, mun ɗumama, mun tace sau biyu. Da dizal muke tayar da shi. Jiya da idona na ga Baba ya mayar da makunnin kan dizal, sannan nan take ya kashe, kamar kullum. Ka san shi, da zarar ƙwayar ƙarshe ta faɗi hannunsa yana kan abin kashewa. Ranakun baya yakan ɗan yi gardama da safe amma yakan tashi. Ina kuskuren yake?

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Ɗazu ya miƙo mini lemo ya ce, "Ci, ba ki ci komai ba." Na ajiye shi a gefe. Kafin in sa baki yana da inji mai rai da zai sayar. Yanzu ƙarfe ne kawai.

Ban ga amsar waccan takardar ba. In na yi maka rashin kunya da na ce ba ka faɗi daidai ba, ka yafe mini, ka amsa wannan.

'Yarka.

*

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, kuma ba fushi nake yi ba. Motar direbanku ce ta kwana biyu a hanya da karyayyen aksul, takardunki biyu tare suka iso. Na karanta ta farko ina dariya, na buɗe ta biyu dariyar ta tsaya.

Nan take? Ya juya ya kashe nan take? To ai ga shi nan, kin rubuta da hannunki.

Ɗauki buta mai sauran shayi a bakinta, ki zuba ruwa ta sama. Me zai fara fitowa? Shayi. Juya makunni ba ya kwashe abin da ya riga ya cika bututu da famfo da nozul ɗin da ke fesa man. Sai injin ya ci gaba da tafiya ya cinye wannan man, dizal ya biyo baya ya wanke hanya. Ku kun kwantar da shi da man tuya a maƙogwaro, sanyi ya zo ya daskarar. Laifina ne da na rubuta a gajarce. Abin da hannu ya saba yi, baki yakan manta ya faɗa. Kuma na manta da wanda zan yi wa bayani: mutumin da bai taɓa barin inji ya yi numfashi ɗaya a banza ba.

Famfon bai mutu ba. A naɗe shi da tsumma, da shi da bututun, a yi ta zuba ruwan zafi. A sassauta notin da ke bakin nozul, a murɗa har kaurin ya gama fita dizal ya fara tsartuwa, a ɗaure. Zai tashi.

Daga yau, in an mayar da shi kan dizal a bar shi yana tafiya. Ba sai da agogo ba. A tsaya kusa da salansa, in ƙamshin kifi ya tafi warin dizal ya dawo, a kashe.

Fari-farin nan kitse ne da ruwa. Ba na inji ba ne, ki mayar wa mai tuya ta hura itace. Laushin ƙara kuwa, man a hankali yake kamawa, ba ya fashewa gaba ɗaya kamar dizal. Maganar shara kuma kin yi gaskiya, na daɗe kusa da otal.

Kada a sayar. Na hau tanki na kira wayar babanki, a kashe take. Allah Ya sa takardar nan ta riga amalanke.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu lafiya, tarin Baba ya lafa. Wayarsa kuwa kashe ta yake yi in ba shi zai kira ba, wai kada caji ya tafi.

Takardarka ba ta riga amalanke ba. Bari in faɗa maka yadda aka yi.

Ranar kasuwa da safe Inna ta ce in mayar wa mai tuya jarkarta, tunda ba mu da sauran amfani da ita. Na zo juye ragowar sai ya ƙi zubowa, yana saukowa kamar koko mai sanyi. Mai tuya ta karɓa ta ajiye kusa da murhu. Ta ce, "Bar shi ya ji wuta, shi ma da safe ƙiwa yake yi." Muna tsaye ya saki. Sai na tuna ka ce sai ya ji zafi yake sakin jiki. Na ce a raina, bututun nan ai salansa ce ke ɗumama shi, salansa kuma sai inji ya tashi take zafi. In akwai mai a ciki, wa zai ɗumama shi?

Na dawo da gudu na tarar dillali ya iso da mutum biyu, har sun fara kwance notocin gindi. Baba yana tsaye ya juya musu baya. Kawu, ban taɓa magana a gaban maza haka ba. Na ɗauko butar Inna daga kan wuta, na tsaya a bakin ƙofa. Sai Baba ya juyo ya ce, "Mene ne?"

Na ce, "Baba, a ba ni izini in zuba masa ruwan zafi."

Dillali ya ce, "Ikon Allah. Wanka za a yi wa mamacin? Ku bar ta, haƙƙinsa ne." Mutanensa suka bushe da dariya.

Baba ya dubi butar, ya dubi bututun, ya daɗe. Sannan ya cire tsumman kafaɗarsa ya naɗe famfon da kansa. Ya ce, "Zuba a hankali." Buta ta ƙare, Inna ta kawo wata, mai tuya ta aiko da tukunya guda. Maganar sassauta noti ba ni na sani ba, Baba ne. Ya karɓi sifana daga hannun yaron dillali, ya sassauta, ya murɗa. Wani abu mai kauri ya riƙa fitowa kamar majina, ka yi haƙuri da kalmar. Can sai ya tsinke, ya fara tsartuwa. Ya ɗaure, ya yi bismilla, ya murɗa.

Ya yi tari sau biyu, ya tashi. Da yake an kwance masa noti biyu, sai ya riƙa rawa yana matsowa wajen dillali. Dillali yana ta magana yana nuna amalanke, amma ka san ƙarar injin nan. Baba ya nuna kunnensa ya girgiza kai. Bai kashe ba sai da amalanke ta sha kwana.

Duk da haka ba mu san dalili ba, don haka Baba ya rufe galan ɗin mai ya koma dizal zalla, muna kallon tanki yana sauka, har takardarka ta zo. Na ji kunya da na ga amsar tana cikin abin da na rubuta. Na karanta masa. Da na zo wurin a bar shi yana tafiya, ya ce, "A bar shi yana ci ba ya aiki?" Na ce haka Kawu ya ce. Ya ce, "Shi ai ba shi ke sayen dizal ɗin gonar ba."

Duk da haka ya koma kan man tuya, yammacin farko ya gwada. Ya juya makunni, ya haɗa hannuwansa a baya kamar wanda aka ɗaure, ya kafa hanci kusa da salansa. Injin yana ta juyi babu komai a bakinsa. Na ga haƙoransa a cije. Da ya kashe sai ya ce kansa na ciwo.

Yammaci na biyu, da ya juya makunni sai ya ɗaga murya ya ce, "Ina uwargidan nan? Kawo masarar gida!" Inna ta fito da kwano tana cewa, "Yau kuma? Ni da nake roƙo sati guda kafin a yi mini?" Yanzu haka ake yi kullum. Niƙan gidanmu ne na ƙarshe, kwano ɗaya, yana zuba shi da kaɗan-kaɗan yana sunsuna iska. In warin dizal ya dawo, ƙwayar ƙarshe ta faɗi, ya kashe. Da safe murɗa biyu yake tashi, ko an yi ruwa.

Jiya ya sa bakanike ya ɗaure notocin gindin, ya zuba musu siminti a kai.

Kawu, Baba yana so ya san ko nozul yana tara baƙi da wannan man, kuma yaushe ake wanke shi. Ya ce in tambaya kamar daga ni, kada in ce shi ne. Na rasa yadda zan yi, don ban saba rubuta abin da ba haka yake ba. Ni ma ina da nawa tambayoyin, sun kai shafi biyu, amma na ga takardar ta yi tsawo. In ban dame ka ba, ka ba ni izini in sake rubutowa.

'Yarka ta gidan mai niƙa.